Kafin a Jona Babbar Kwamfuta a Gida: Shawarwari Kan Fawa-fak da Wutar da Yake Sha

A gidaje da shagunan Takur da ke Dutse yanzu ana samun irin kwamfutar da a da sai a situdiyon 'yan fim na Kano ake ganinta: babban akwati mai gilashi a gefe, fankoki na ta juyi a ciki. Masu ita galibi matasa ne. Akwai mai haɗa bidiyon biki, akwai mai zana fasta da allunan talla, akwai ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse da karatunsa ke son na'ura mai ƙarfi, akwai kuma mai wasan gem. Kuɗin kuwa sau da yawa na gida ne. Uba ne ya cire daga albashi, ko uwa ta kwashi adashi ta bayar.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake kasafin kuɗin. A zuba kusan duka kan katin hoto da furosesa, in aka zo kan fawa-fak sai a ce wa mai shago ya kawo kowanne ne. Alhali wannan akwatin ƙarfen shi ke karɓar wutar bango mai bolt 230 ya mayar da ita bolt 12 da 5 da 3.3, kuma shi kaɗai ne tsaye tsakanin wutarmu da dukiyar da aka tara. Waɗannan shawarwari na mai kwamfutar ne da wanda ya biya kuɗinta.

1. Ku yi lissafi kafin ku tafi kasuwa. Abu biyu ne ke shan yawancin wutar: katin hoto da furosesa. Katin RTX 4060 wat 115 yake ja, RTX 3060 kuma 170, su biyun kamfanin Nvidia ya ce fawa-fak mai wat 550 ya ishe su. RTX 4070 na jan 200, ana ba shi 650. Manyan su ne ke da ci: RTX 4090 da ya fito a Oktoban 2022 na jan 450, ana so a ba shi 850, shi kuwa RTX 5090 na Janairun 2025 yana kaiwa 575, sai mai wat 1,000. Furosesa irin Core i9-14900K na Intel kan kai wat 253 in aiki ya yi tsanani. Ku haɗa na katin da na furosesa, ku ƙara kamar wat 100 na sauran kayan ciki, sannan ku ɗora kashi 30 cikin ɗari a kai domin sarari. Dalilin sararin shi ne katunan zamani kan fizgi wuta farat ɗaya, ninkin abin da suka saba, na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma fawa-fak ɗin da ke aiki a iyakarsa zai kashe kansa nan take.

Wani abu da iyaye kan tsorata da shi: lambar da ke jikin kwali ba ita ce abin da mita za ta ci ba. Fawa-fak mai wat 1,000 a kwamfutar da ake rubutu da ita bai wuce ya ja wat 100 ba. Duk da haka ban ga hikimar sayen mai 1,200 domin katin da 550 ya ishe shi ba. Rarar kuɗin ta fi amfani a kan abubuwan da ke lamba 6 da 7.

2. Ku karanta takardar da ke manne a gefensa, ku bar babban rubutun kwali. Ku nemo layin da aka sa +12V, ku ninka amfiyarsa sau 12. Idan an ce wat 650 ne amma layin ya nuna 30A, to ainihin ƙarfin da katin hoto da furosesa za su samu wat 360 ne kawai. A mai kyau, lissafin zai fito dab da lambar kwali. Daga nan ku dubi wutar shiga. Wanda aka rubuta wa 100–240V shi ne namu, domin in wuta ta yi ƙasa da magariba, lokacin da kowane gida ya kunna nasa kaya, zai ci gaba da aiki. Mai 200–240V zai riƙa ɗaukewa. Tsofaffin da ake kawowa daga Amurka kuma wasu na da ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. In yana kan 115 aka jona shi a soket ɗinmu, ƙara ɗaya za a ji sai hayaƙi. Ku duba shi a shago, ku sake dubawa a gida, ku kuma hana yara taɓa shi.

3. Tambarin 80 Plus, wanda aka soma tun 2004, yana nuna yawan wutar da ke isa ga kwamfuta da wadda ke salwanta ta zama zafi. Bronze na isar da kashi 85 cikin ɗari in yana ɗauke da rabin kayansa, Gold kuma 90. A ce kwamfuta na bukatar wat 600. Mai isar da kashi 90 zai ja wajen 667 daga bango, mai kashi 80 zai ja 750. In ana aiki awa shida kullum, bambancin rabin yunit ne a rana, yunit 15 a wata. Wanda layinsa na KEDCO ke rukunin A, a farashin naira 209.5 da aka sa a Yulin 2024, asarar ta haura naira 3,000 duk wata. A kan batir kuwa ta fi ciwo. Sai dai tambarin ba shedar inganci ba ne gaba ɗaya, kuma akwai masu buga na bogi. Tsawon garanti ya fi faɗin gaskiya: manyan samfuran Seasonic da Corsair na zuwa da shekara goma, ba kuma wanda zai yi wannan alkawari kan abin da bai yarda da shi ba.

4. Kayan hannu. Ba na hana kowa sayen katin hoto ko memori na hannu, amma kan fawa-fak ina da tsauri, domin tsufansa ba ya nunawa a waje. Tun Satumban 2022 da aka daina haƙar kuɗin Ethereum da katin hoto, kayan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka bazu a kasuwannin duniya. In dole ne sai na hannu, a Titin Beirut na Kano ko Computer Village ta Ikeja, ku sa a jona shi a kwamfuta mai babban kati, a kunna aiki mai nauyi a gabanku na ɗan lokaci. Juyawar fanka kaɗai ba gwaji ba ce. Ku karɓi rasit mai lambar kayan da adadin kwanakin da aka yarda a dawo da shi.

Tsofaffin kwamfutocin ofis na HP da Dell da suka cika shaguna suna da arha, suna da ƙarko, amma fawa-fak ɗin ƙananansu bai cika wuce wat 250 ba, kuma da yawa filoginsu na cikin gida ne, na kasuwa ba ya shiga. Ba a gina su domin babban kati ba.

5. Wayar da ke kai wuta ga katin hoto tana son kulawa. Filogi mai haƙora takwas an yi shi ne domin wat 150. In katin na da baki biyu ko uku, kowane baki a ba shi wayarsa daga fawa-fak, kada a yi wa waya ɗaya reshe ta ciyar da duka. Sabon filogi mai haƙora 16 da ya zo da ƙa'idar ATX 3.0 a 2022 yana ɗaukar har wat 600, kuma a shekarar an yi ta samun waɗanda suka narke a jikin RTX 4090, akasari saboda ba a tura su sun shige duka ba. An gyara fasalinsa a ATX 3.1, to in sabo za ku saya ku nemi wannan. Ku tura har ku ji ya yi ƙas, ku haska da tocila ku tabbatar ba giɓi, kada ku lanƙwasa wayar sai bayan santimita uku zuwa huɗu daga baki. Kuma wayoyin da ake cirewa na wani fawa-fak ba sa aiki a wani, ko da bakin ya shiga daidai. Tsarin haƙoran ya bambanta, kuskure ɗaya zai ƙona faifan ajiya da duk bidiyon mutane da ke ciki.

6. Yanzu mu zo bango, inda na fi ganin ɓarna. Soket mai kyau da filogi mai ƙafa uku da fiyus na amfiya 13 za su ɗauki kusan wat 3,000, wato kwamfuta ba ta fi ƙarfinsu ba. Matsalar tana wajen istenshan ɗin nan mai arha. Ku juya shi ku duba: robar da ke kewaye da rami ɗaya ta yi ruwan ƙasa, ta ɗan lotsa, filogi na rawa a ciki, in kun yanke wayar za ku tarar da 'yan silili kaɗan. Kwamfutar da ke jan wat 700 amfiya uku take sha a bolt 230, in wuta ta sauka 160 sai ta koma sama da huɗu, waya ta ƙara zafi daidai lokacin da ba wanda ya lura. Ku ba kwamfutar soket nata ita kaɗai. Kada a haɗa ta layi ɗaya da dutsen guga, hita ko firji.

Sai wayar ƙasa. In kun taɓa ƙarfen kwamfuta kuka ji tana ɗan ja, ba lallai fawa-fak ne ya lalace ba. Yakan zubar da 'yar wuta kaɗan da ya kamata ta bi ƙafa ta uku ta shige ƙasa, a gidaje da yawa kuwa ramin na uku ba a haɗa shi da komai ba. Ku kira mai wayarin ya kafa sandar ƙasa ya jawo waya zuwa soket ɗin. Gidan da yara ke yawo ba takalmi a kan siminti bai kamata ya ɗage wannan aiki ba, kuma na'urar kare tartsatsin wuta ma ba ta da cikakken amfani in babu shi.

7. Ɗauke wuta ba ya kashe fawa-fak kamar yadda dawowarta ke yi. Ku saba da kashe makunnin bango da zarar an ɗauke, in an kawo ku jira 'yan mintuna. Na'urar AVS tana yin wannan da kanta, tana kuma yankewa in wuta ta yi yawa. Sitabilaiza ku ɗauki mai 2,000VA, don ƙarfinta na raguwa sosai in wutar shiga ta yi ƙasa. UPS kuma a nan ake yawan ruɗuwa, saboda VA daban, wat daban. Ƙaramin nan mai 650VA bai kai wat 400 ba, babbar kwamfuta za ta durƙusar da shi nan take. Ana bukatar 1,500VA ko fiye, wanda aka rubuta Pure Sine Wave a jikinsa, domin fawa-fak na zamani wasu ba sa jituwa da wutar masu arha. Aikinsa ya ba ku mintunan adana aiki ku kashe, ba a ci gaba da gem a kansa. Da damina, in hadari ya haɗu ana walƙiya, ku zare filogi daga bango gaba ɗaya, har da wayar intanet.

8. Duk wanda ya ga Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace muka kwashe fiye da mako a duhu, ya san mai sana'a da kwamfuta ba zai dogara da layi ɗaya ba. Amma ƙaramin janareton da ake gauraya wa fetur da baƙin mai ba na wannan aiki ba ne. Ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, wutarsa kuma hawa da sauka take. Ku nemi mai 2.5kVA zuwa sama mai na'urar daidaita wuta, ku kuma kashe kwamfuta kafin mai ya ƙare, don lokacin da inji ke shaƙewa ne wutarsa ta fi muni.

Masu sola su yi wannan lissafin. Batir mai ruwa na bolt 12 da 200Ah yana riƙe da yunit 2.4, rabinsa kawai ake sha in ana son ya daɗe. Kwamfuta da allonta masu jan wat 700 za su cinye wannan rabin cikin ƙasa da awa biyu, fankar ɗakin uwargida ta tsaya tsakar dare. Shawarata a mayar da aiki mai nauyi tsakanin hantsi da la'asar, sa'ad da rana ke kan faranti. Manhajar katin hoto ma na ba da damar rage masa wuta da kashi 20 ko 30, gudun da zai ragu kaɗan ne.

9. Zafi da ƙura. A Afrilu da Mayu zafin Dutse kan haura digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ba silin ya fi haka. Fawa-fak masu kyau an gwada su su ba da cikakken ƙarfi a digiri 40 ko 50, kuma sukan rubuta hakan. Masu arha a ɗaki mai sanyi aka auna su. Duk wat ɗin da kwamfuta ta sha zafi yake komawa cikin ɗakin, kamar an ajiye kaskon gawayi a gindin tebur, don haka a buɗe taga, a matsar da bayanta daga bango. Kada a ɗora ta kan kafet ko ledar ɗaki, domin fankar fawa-fak ta ƙasa take shaƙar iska. A sa mata katako ko benci. Da hunturu ku zaro ragar da ke ƙarƙashi duk mako. Za ku same ta ta toshe da jar ƙura mai laushi, har ba a ganin haske ta cikinta. A wanke, a shanya ta bushe sarai kafin a mayar. In za a hura da bulowa, a zare wuta, a tokare fanka da tsinke kada ta yi ta juyi. Ku lura da kyankyaso da tsaka, suna son ɗumin wurin, kuma ɗaya ya isa ya haɗa wuta.

10. Kwamfutar da ke mutuwa ko ta sake tashi da kanta daidai lokacin da aka ɗora mata aiki mai nauyi, ko ake jin ƙaurin roba, ko fankar baya ta soma gurnani, a kashe ta a zare filogi. Kada a yi ta kunnawa ana gwada sa'a. Kada kuma kowa a gidan ya kwance murfin fawa-fak: manyan kafasitocin ciki na riƙe wutar da ta kusa bolt 400, kuma ba sa saki nan da nan don an zare waya. A kai wa mai gyara kwamfutar gaba ɗaya, a ce ya gwada ta da wani fawa-fak mai lafiya. In matsalar ta tafi, a sayi sabo, tsohon kuma kada a sayar wa wani ko a mayar da shi cikin kwamfutar ƙanne.