Darasi: Sirrin Majiyyaci Amana Ne

A Gaya da Ajingi, wasu na ɓoye ciwon damuwa ko taɓin hankali. Suna tsoron zance ya fita, aure ya lalace.

Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana ma'aikacin asibiti tona sirrin majiyyaci. Bayaninsa yana cikin fayil, a ɗakin kati. Ba a nuna wa maƙwabci ko suruki. Ba a fitar da shi sai majiyyaci ya yarda a rubuce, ko kotu ta umarta, ko lafiyar jama'a na cikin haɗari.

Saboda haka, kada tsoro ya hana zuwa asibitin Gaya ko na Dawanau. Kuma kada a dangwala hannu a takarda sai an karanta ta.

Tambaya: Yaushe ake fitar da bayanin majiyyaci?