Tsaron Wayoyin Sadarwa da Ma'adanan Bayanai

Da zarar an ambaci tsaron kwamfuta, hankalin ɗalibi kan tafi ga kalmar sirri. Sai dai kalmar sirri ba ta hana ɓarawo ɗauke faifai, ba ta kuma hana ɓera cin waya. Wannan darasi zai dubi tsaron kayan da hannu ke iya taɓawa.

Wayoyin da ke haɗa kwamfutoci iri biyu ne suka fi yawa. Ta jan ƙarfe da lantarki take ɗaukar saƙo, saboda haka ba a shimfiɗa ta jikin wayar wuta, kuma tsawonta ba ya wuce mita 100 daga na'ura zuwa na'ura. Ta zaren gilashi kuwa da haske take aiki. Satar saƙo daga cikinta ya fi wuya, amma lanƙwasa mai tsanani kan karya ta. Kowacce dai a cikin bututu ake bi da ita, a kulle akwatin da wayoyin ke haɗuwa, a kashe duk wata kafa ta bango da ba a amfani da ita. Dogaro da waya ɗaya ma ganganci ne. A watan Maris na 2024 wayoyin ƙarƙashin teku sun tsinke a kusa da gaɓar Kwaddebuwa, intanet ta yi rauni ƙwarai a Nijeriya da Gana, har harkar bankuna ta taɓu.

Al'amarin ma'adanan bayanai ya fi sarƙaƙiya, domin goge fayil ba shi ne shafe shi ba. Misalinsa kamar a yage shafin ƙunshiya ne daga littafi: babobin suna nan, mai nema zai same su. Makarantar da ta sayar da tsohuwar kwamfuta a haka, ta haɗa wa mai saye da sakamakon jarrabawar ɗalibanta ke nan, alhali dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora alhakin tsare irin waɗannan bayanai a kan mai riƙe da su. Faifai mai juyawa ana rubuce shi da wasu bayanai daga farko har ƙarshe, ko a lalata shi da maganaɗisu mai ƙarfi. Filashi kuwa maganaɗisu ba ya yi masa komai, sai dai a niƙe shi, ko a sakaya bayanansa tun farko sannan a hallaka mabuɗin.

Auna Fahimta
Me ya sa maganaɗisu ba ya shafe bayanan filashi?