Darasi: Me Ya Sa Gora Ba Ya Nitsewa?

Manufa: Ɗalibi ya gane cewa ruwa yana da iyakar nauyin da yake ɗauka.

Gabatarwa

Yaron da ya taɓa danna ƙwarya cikin baho a Kurmin Sarki, ko a bakin kogin Iku, ya san ruwa yana turo ta sama. Wannan ƙarfi shi ne yake riƙe da masuncin Argungu bisa goransa, shi ne kuma yake riƙe da allon da matasan Hawai da Ostireliya suke hawan igiyar teku da shi.

Ƙa'idar

Arkimidis, masanin birnin Sirakus wanda ya rasu shekara 212 kafin haihuwar Almasihu, shi ya bayyana ta: ruwa yakan tura abu sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da abin ya kawar daga wurinsa. Lita 1 ta ruwan kogi nauyinta kilo 1 ne. Saboda haka goran da girmansa ya kai lita 40, nauyinsa kuwa kilo 2, zai ɗauki kilo 38 kafin ruwa ya rufe shi. Masunci ya fi haka nauyi, amma rabin jikinsa cikin ruwa yake, ruwan kuwa yana ɗauke masa sauran.

Allon teku ma haka yake. Cikinsa busasshen kumfan roba ne mai cike da iska, shi ya sa ake auna shi da lita. Allo mai lita 30 ba zai riƙe mutum mai kilo 70 a tsaye ba muddin yana wuri ɗaya. Sai igiya ta kwashe shi da gudu, ruwan da yake dukan ƙasansa ya ƙara ɗaga shi. Gishirin teku ma yana taimakawa kaɗan, gama litar ruwansa ta fi ta kogi da kamar giram 25.

Abin Lura

Kwalekwale ba shi da wata doka dabam. Kowane fasinja, kowane buhun masara, yana ƙara nitsar da shi, har bakinsa ya kusa taɓa ruwa. Daga nan ƙaramar igiya ta isa. Ruwan da ya shiga yakan kori iskar da take riƙe da jirgin. Ranar 1 ga Oktoba, 2024, wani jirgi maƙare da mutane ya kife a kogin Kwara kusa da Gbajibo, ƙaramar hukumar Mokwa, rayuka da yawa suka salwanta. Rigar kariya gora ce da ake sawa a jiki. Mai hikima yakan nemi tasa, ya kuma dubi tazarar da take tsakanin bakin jirgi da ruwa kafin ya sa ƙafa.

Tambayoyi

1. Jarka mai lita 25, nauyinta kilo 1, kilo nawa za ta ɗauka?
2. Me ya sa ƙusa takan nitse, kwanon ƙarfe kuwa ya yi iyo?