"Plaything": Ba Motar Kara Kaɗai Ba

Ran nan a jarrabawar Turanci na ci karo da "plaything", na tsaya ina zare ido. Ashe "toy" ce, amma ta littafi, ba ka jin ta a bakin yara. "Play" da "thing" aka haɗa. Motar karan da muke ƙerawa a Sabon Birni bayan girbi, da 'yartsanar ƙanwata, duk "playthings" ne.

Sai dai ku kula, ana faɗin ta a kan mutum. In an ce "a plaything in their hands", to an mai da shi abin wasa, ana juya shi yadda aka so. Ina gane haka na tuna manomanmu na wajen Isa, da sai sun biya 'yan bindiga haraji kafin su taka gonarsu.