DARASI: JAN WUTA ZUWA SABON SASHE A CIKIN GIDA

A cikin birnin Kano, a unguwanni irin su Yakasai da Madabo da Dala, gida ɗaya yakan ƙunshi sassa uku ko huɗu. Mitar wuta tana zaure ko bakin ƙofa. Idan ɗa ya yi aure aka yanka masa sashe can ƙuryar gida, sai a nemo 'yar siririyar waya a ja masa wuta ta kan katanga. Mun sha ganin haka. Mun taɓa shiga wani gida inda wayar ta narke a jikin azara da tsakar dare, ba don wata tsohuwa ta ji ƙauri ta ta da mutane ba, da labarin ya zama dabam. Saboda haka a wannan darasi za mu duba yadda ake zaɓen waya da bututu domin kai wuta daga babban akwati zuwa ƙaramin akwatin sabon sashe.

Da fari, mu ƙirga kaya

Waya kamar jaki take. Kafin a ɗora mata kaya sai an san nauyinsu. A jikin kowane kayan wuta an rubuta wat nawa yake ci. Ga misalin kayan amarya: rishon lantarki 2,000, hitar ruwa 1,500, dutsen guga 1,200, injin jan ruwa 800, firji 300, fankoki da ƙwayaye da talabijin 700. Jimla wat 6,500 ke nan. Wutar gidajenmu a Nijeriya bolt 230 ce. Idan muka raba 6,500 da 230 za mu sami amfiya 28. To, a babban akwati za a sa wa wannan layi bireka mai amfiya 32. Ga ƙa'idar da ba za mu manta ba: dole waya ta fi birekarta ƙarfi, domin bireka ta yanke wuta tun waya ba ta yi zafi ba.

Na biyu, mu tuna da zafin ƙasarmu

Masu sayar da waya suna kiranta da kaurin jan ƙarfen da ke cikinta: mai 2.5, mai 4, mai 6, mai 10. A cikin bututu, mai 4 tana ɗaukar amfiya 32, mai 6 tana ɗaukar 41, mai 10 kuwa 57. Amma an yi wannan lissafi ne bisa zafi digiri 30. A Kano, cikin watan Afrilu, zafi yakan kai digiri 40, balle a ƙarƙashin rufin kwano. A irin wannan zafi mai 4 takan koma 28, mai 6 ta koma 36, mai 10 ta koma wajen 50. Kun ga mai 4 ta fita, tun da ba ta kai 32 ba.

Na uku, mu auna nisa

Ruwan da ya bi doguwar lambatu yakan ragu kafin ya kai ƙarshen lambu. Haka wuta take raguwa a doguwar waya. A ce daga zaure zuwa sabon sashe tsawon mita 40 ne. Da mai 6 za a yi asarar bolt 8, da mai 10 kuwa bolt 5. Ka'idar masu aikin wuta ita ce kada asara ta wuce kashi 3 cikin 100 a layin da ke da fitilu, wato wajen bolt 7. Ga shi kuma sau da yawa wutar takan iso mana da rauni tun daga taransifoma. Don haka a wannan gida mai 10 ce ta dace. Za a ja waya uku: mai wuta, da abokiyarta, da wayar ƙasa. Kada a yarda a bar wayar ƙasa don rage kuɗi. Ita ce take hana firji ya ja yaro.

Na huɗu, bututu

Ginin ƙasa yana shan ruwa da damina, ga gara, ga ɓera. Kada a binne waya tsirara a bango, kada kuma a kafa ta da ƙusa a jikin azara. A sa ta cikin bututun roba mai kauri na aikin wuta. Waya uku masu 10 a tafiya mai nisa suna son bututu mai milimita 32. Kada waya ta cika rabin bututu, domin zafi ya sami wurin fita. Bayan kowace kwana biyu a sa ɗan akwatin ja, don kada a ɗaye wa waya riga wajen ja da ƙarfi. Inda za a ratsa tsakar gida, a haƙa rami mai zurfin rabin mita ko fiye, a shimfiɗa rairayi, a rufe bututun da bulo, domin mai haƙa na gobe ya fara cin karo da bulo. A guje wa bakin rijiya da madafa da ƙasan indararo.

A kasuwa

Araha ba ta ado. A Sabon Gari da sauran kasuwanni akwai waya ta gaske, akwai kuma wadda cikinta alminiyam ne aka shafe shi da ruwan jan ƙarfe. Ku kankare bakin wayar da wuƙa. Idan cikin fari ne, ku ajiye ta. Ku ɗaga nauyin ƙunshin, ta gaske tana da nauyi. Ku duba sunan kamfani da kauri a jikinta, ku karɓi rasit.

Ba mun rubuta wannan domin kowa ya zama mai gyaran wuta ba ne. Ku kira gwani mai takardar shaida, amma ku zauna tare da shi ku yi lissafin nan. Idan ana bukatar taɓa mita, wannan aikin kamfanin KEDCO ne, wanda ya karɓi rabon wuta a Kano da Katsina da Jigawa a 1 ga Nuwamba 2013.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Sassa nawa ne suke shan wuta daga mita ɗaya a gidanku?
2. Wace irin waya aka ja musu, kuma ta ina ta bi?
3. Ku tara wat na kayan sashenku ku raba da 230. Amfiya nawa kuka samu?