Ki Tambayi Tsofaffi, Ki Kuma Auna

'Yata, tunda Allah ya kai ki karatun harhaɗa magunguna a Jami'ar Bayero, ga 'yar nasiha daga tsohon da ya ga jiya ya ga yau.

In kin zo hutu Bagwai, kada ki raina kwandon 'yar mai ganye. Ki durƙusa ki gaishe ta, ki tambaya: wannan sassaƙen maɗaci ne ko na marke? Jiƙawa ake yi ko tafasawa? Na rani ya fi ƙarfi ko na damina? Ki rubuta, domin duk unguwarzomar da aka kai makwanci, da nata sanin take tafiya. Tun 1916 wani likita Bature, Dalziel, ya tattara sunayen tsirranmu na Hausa a littafi. Abin kunya ne baƙo ya fi ɗan gida kula.

Ai daga irin wannan tambaya manyan magunguna suka fito. Saiwar da masu maganin Ayurbeda na Indiya suka daɗe suna bayarwa, daga ita aka fitar da wani maganin hawan jini a 1952. Tu Youyou ta ƙasar Sin ta bi tsofaffin littattafan ƙasarsu ta samo maganin zazzaɓin cizon sauro, har ta karɓi kyautar Nobel a 2015. Nan gida ma, cibiyar NIPRD da ke Abuja ta yi Niprisan don masu sikila daga haɗin gargajiya, a ciki har da kanumfari da masoro da karan dafi.

Amma fa girmama tsofaffi bai hana awo ba. Dubi zaƙami: irin sinadarin da ke cikin 'ya'yansa ake sarrafawa a yi maganin murɗawar ciki, shi ne kuma ke sa saurayi sambatu yana cafkar iska. Na taɓa ganin an ɗura wa yaro jiƙo da ludayi, ana cewa ai itace ne, ba ya cutarwa. Kwanansa uku a asibiti. Ludayin wani gida ya ninka na wani, hanta da ƙoda kuwa ba su san uzuri ba.

Don haka in mara lafiya ya zo gabanki, ki tambaye shi cikin sakin fuska me ya sha a gida. In kika yi masa faɗa, ɓoyewa zai yi, ya haɗa jiƙo da ƙwaya ba da saninki ba. Kakarki ta san itacen, ke kuma aka koya miki awon. Ki riƙe duka biyun. Allah ya yi miki albarka.