Darasin Kimiyya: Haske, Azurfa da Tsofaffin Hotunan Baƙar Fata

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana son ɗalibi ya iya bayyana yadda haske ke barin alama a kan azurfa, ya bambanta hoton faranti da hoton gilashi, ya kawo dalilan da suka sa hotunan baƙar fata na ƙarni na 19 suka yi ƙaranci, sannan ya san abubuwan da ke lalata tsohon hoto.

Gabatarwa

A 1839 aka bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto a birnin Faris. A 1865 aka haramta bauta gaba ɗaya a Amurka. Ke nan kyamara ta riski shekara 26 na ƙarshen bauta a can. Ƙidayar 1860 ta nuna akwai bayi kusan miliyan huɗu a ƙasar, amma hotunansu da suka iso hannunmu 'yan tsiraru ne. Wani ɓangare na dalilin yana cikin tarihi: bawa bai mallaki kansa ba, balle kuɗin zuwa wurin mai hoto. Sauran dalilin yana cikin kimiyyar hoton kanta, kuma ita za mu bi daki-daki yau.

Mataki na farko: haske da akwati mai duhu

Haske yana tafiya ne a miƙe. Idan aka huda ƙaramin rami a jikin akwati mai duhu, hasken da ya taso daga saman abu zai ratsa ramin ya sauka ƙasa, wanda ya taso daga ƙasa kuma ya sauka sama. Shi ya sa siffar ke fitowa a kife. Masanin nan ɗan Basra, Ibnul Haisam, ya yi bayanin wannan tun a ƙarni na 11. Abin da ya gagari mutane ɗaruruwan shekaru shi ne kama siffar ta zauna. Maganin ya fito daga azurfa: idan ta haɗu da aidin ko makamantansa, sai ta zama sinadarin da haske ke sauyawa. Inda haske ya bugu da yawa sauyin ya yi yawa, inda inuwa take ya yi kaɗan.

Mataki na biyu: hoton faranti

Hanyar da Bafaranshe Louis Daguerre ya fito da ita tana da matakai biyar:

1. A sami farantin jan ƙarfe da aka shafe da azurfa, a goge shi har ya yi sheƙi.
2. A turara shi da tururin aidin a cikin duhu.
3. A sa shi a kyamara, a buɗe idonta.
4. A turara shi da tururin zaiba mai ɗumi, sai siffar da ke ɓoye ta bayyana.
5. A wanke sauran sinadarin da haske bai taɓa ba, don kada hoton ya ci gaba da yin baƙi.

Ku riƙe abubuwa uku game da wannan hoto. Na ɗaya, farantin da ya shiga kyamara shi ne hoton, ba a iya wanko wani daga gare shi. Idan ya ɓace, shi ke nan. Na biyu, dama da hagu suna fitowa a juye. Na uku, da farko sai mutum ya zauna mintoci ba motsi, daga baya lokacin ya ragu zuwa daƙiƙoƙi. Saboda haka masu hoto kan kafa wani ƙarfe a bayan kujera da ke tallafe ƙeya.

Da wannan hanya Joseph Zealy ya ɗauki hotuna 15 na wasu bayi bakwai a jihar Karolina ta Kudu a 1850, cikinsu har da wani dattijo Renty da 'yarsa Delia. Louis Agassiz, malami a Jami'ar Harvard, shi ya sa a ɗauka, yana neman hujjar cewa baƙar fata da farar fata ba asalinsu ɗaya ba. Kimiyya ta riga ta rushe wannan da'awa. An tuɓe wa mutanen tufafi ba da yardarsu ba, aka ɗauke su ta gaba da ta gefe. Farantan sun ɓace wa kowa sai a 1976 aka tsince su a wani ɗakin ajiya na gidan tarihin jami'ar. Da gobara ta ci ɗakin, da babu wanda zai taɓa ganin waɗannan fuskoki.

A wannan zamani kuma akwai baƙaƙen fata da suka riƙe kyamarar da hannunsu. Augustus Washington ya buɗe shagon hoto a garin Hartford, ya ɗauki hoton John Brown mai yaƙi da bauta, sannan a 1853 ya yi ƙaura zuwa Laberiya, inda ya ɗauki hotunan manyan ƙasar.

Mataki na uku: hoton gilashi da farin ƙwai

A 1851 Frederick Scott Archer na Ingila ya kawo wata hanya. Ana zuba wani ruwa mai danƙo da ake kira kolodiyan a kan gilashi, a tsoma shi cikin ruwan sinadarin azurfa, a ɗauki hoton kuma a wanke shi tun gilashin yana jiƙe, wato cikin minti goma zuwa sha biyar. Abin da ke fitowa dodon hoto ne: fari ya koma baƙi, baƙi ya koma fari. Sai a ɗora shi a kan takardar da aka shafa wa farin ƙwai da gishiri da ruwan azurfa, a shanya a rana. Daga gilashi ɗaya ana iya fitar da hoto ɗari ko fiye.

Wannan sauyi ya ba masu yaƙi da bauta makami. A 1863, a garin Baton Rouge, masu hoto McPherson da Oliver suka ɗauki wani mutum da ya tsere daga bauta, wanda aka sani da Peter ko Gordon. Yana zaune ya juya wa kyamara baya, hannunsa a kan ƙugu, gefen fuskarsa kawai ake gani. Daga kafaɗa zuwa ƙugu tabon bulala ne ya haye juna, ya kumbura ya yi tudu. Haka ke faruwa idan fata ta tara nama fiye da kima wajen warkewa. An wanko hoton a ƙananan katuna aka yaɗa shi, mujallar Harper's Weekly kuma ta buga shi ranar 4 ga Yuli, 1863. Da yake injin buga jarida na lokacin bai iya buga hoto kai tsaye ba, sai da aka sassaƙa siffar a kan katako tukuna.

Sojourner Truth, wata baƙar fata mai yaƙi da bauta, ta riƙa sayar da irin waɗannan katuna masu hotonta tana ciyar da kanta. Frederick Douglass kuwa, shi ma baƙar fata mai yaƙi da bauta, an ƙirga hotunansa daban-daban kimanin 160, fiye da na Shugaban Amurka Lincoln. Da gangan yake zama cikin kwat, fuska ba dariya, don ya ƙaryata zanen izgili da ake yi wa baƙar fata.

Mataki na huɗu: launin fata a idon azurfa

Hasken da idonmu ke gani yana da tsawon zango daga nanomita 400, wajen shuɗi, zuwa 700, wajen ja. Sinadaran azurfa na farko shuɗi kawai suke ji, da hasken da ke gaba da shuɗi wanda ido ba ya gani. Ja da rawaya baƙi suke fitowa. Shi kuma melanin, sinadarin da ke ba fata launi, shuɗin ya fi shanyewa, yana mayar da ja. Sakamakon haka fatar mutum kan fito da duhu fiye da yadda take, kuma idan mai hoto bai ƙara lokaci ko ya gyara haske ba, kamannin fuska su nutse. Sai a 1873 Hermann Vogel ya gano cewa ƙara rini na sa sinadarin ya ji wasu launuka, kuma faranti mai jin dukkan launuka bai shiga kasuwa ba sai wajen 1906. Don haka kada ku yanke hukunci a kan launin fatar mutum ko na tufafinsa daga tsohon hoto.

Mataki na biyar: abokan gabar tsohon hoto

Farar wutar da ke cikin iska tana haɗuwa da azurfa ta dusashe ta, kamar yadda zoben azurfa ke yin baƙi idan ya daɗe a ajiye. Laima tana kawo fumfuna, zafi yana gaggauta lalacewa, farin ƙwai yana komawa rawaya, gilashi yana fashewa, yatsa ɗaya kuma ya isa ya share fuskar hoton faranti. Gidajen tarihi suna ajiye hotuna a wuri mai sanyi da duhu, laimar iska tsakanin kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. A gida, a riƙe hoto ta gefe, a nisanta shi daga rana da bango mai raɓa, kada a manna masa gam ko a liƙe shi da leda mai zafi, a kuma rubuta sunan mai hoton da fensir a baya.

Aikin gwaji

Ku sami gwangwanin madara, ku yanke murfin gefe ɗaya, ku huda tsakiyar ɗaya gefen da ƙusa siririya. Ku rufe buɗaɗɗen bakin da takarda mai shara-shara, ku ɗaure da roba. A ɗaki mai duhu, ku fuskantar da hudar ga kyandir mai ci. Ku zana abin da kuka gani a kan takardar.

Tambayoyi

1. Me ya sa harshen kyandir ya fito a kife?
2. Kawo bambanci biyu tsakanin hoton faranti da hoton gilashi.
3. Me ya sa hoton Peter ya yaɗu, hoton Renty kuwa ya ɓace fiye da shekara ɗari?
4. Idan mace ta sa jan zane a 1860 aka ɗauke ta hoto, da wane launi zai fito, kuma me ya sa?
5. Nemi hoto mafi tsufa a gidanku, ka rubuta alamun lalacewar da ka gani a jikinsa da abin da ya jawo su.